Ƙonanniyar ƙasar Borno na riƙe da shekarunta, in an bar ta a inda take

Da asuba a Maisandari, ɗaya daga cikin mazaɓun birnin Maiduguri, masu tuyar ƙosai da masu shayi kan riga kowa hura wuta. Murhun da aka gina da yumɓu yakan yi ja saboda zafi, ya huce idan hantsi ya dubi ludayi, kashegari kuma a sake hura shi. Duk lokacin da yumɓun ya huce, yakan ɗauki wani rubutu da ido ba ya gani, wato inda maganaɗisun duniya ya fuskanta a wannan rana da kuma ƙarfinsa. Wutar gobe za ta goge rubutun yau ta sa nata. Amma ranar da aka hura wuta ta ƙarshe, aka tashi aka bar murhun, rubutun wannan rana zai zauna cikinsa shekaru dubbai, muddin ba a gusar da shi daga inda yake ba.

A kan wannan ne masana kufai, wato masu tono tarihin mutanen da daga ƙarƙashin ƙasa, suka gina wata hanya ta sanin shekarun murahu da tanderu da daɓen ɗakunan da gobara ta ci. Hanyar ta daɗe tana aiki a Turai da Amurka da Gabas ta Tsakiya. A Afirka ta Yamma kuwa yanzu take rarrafe, alhali ƙasar Borno na cikin wuraren da suka fi bukatarta.

Birni a bakin tsohon tafki

Maiduguri ba ta daɗe ba idan aka auna ta da ƙasar da take zaune a kai. A 1907 aka kafa Yerwa, amma dogon tudun yashin da birnin ya hau, wanda masana ke kira Tudun Bama, gaɓar tsohon tafkin Chadi ne a zamanin da faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 300,000. Tudun ya miƙe daga wajen Bama, ya bi ta Konduga da Maiduguri, ya nausa arewa maso yamma. A Konduga, a kan wannan tudun, an tono tsingaron tukwane da aka ƙiyasta sun haura shekara 6,000. Mutane sun zauna a bakin wannan ruwa, sun gina tukwane, sun hura wuta, tun kafin a san sunan Kanem ko Borno.

A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, wanda yanzu ke Jihar Yobe, sai ya ci karo da wani katako mai tauri a zurfin kusan mita biyar. Ashe kwalekwale ne na maɗaci mai tsawon mita 8.4. Masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus, ciki har da Abubakar Garba da Peter Breunig, suka tono wurin a 1994, aka auna shekarunsa aka samu kusan 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka.

Kafin nan, a 1965 da 1966, Graham Connah ya yanka tudun Daima da ke kusa da Ngala, ya bi zaman mutane hawa bisa hawa har zurfin kusan mita 11. Daga baya haɗin gwiwar Maiduguri da Frankfurt ya bankaɗo al'ummar Gajiganna, makiyaya da manoman gero da suka zauna arewa da Maiduguri daga wajen shekara ta 1800 kafin Miladiyya. Sai kuma Zilum, mai nisan kimanin kilomita 60 arewa da birnin, gari mai faɗin hekta 12 da aka kewaye da gwalalo wajen shekara ta 600 zuwa 400 kafin Miladiyya. Yana cikin garuruwa masu kariya mafi tsufa da aka sani kudu da Sahara.

Duk waɗannan shekaru da aka ambata, kusan hanya ɗaya ce ta samar da su, wato awon kabon-14.

Inda awon kabon ke yin ɗingishi

Willard Libby ne ya ƙirƙiro awon kabon-14 a Amurka a ƙarshen shekarun 1940, ya kuma samu kyautar Nobel a 1960 saboda shi. Duk abu mai rai yana ɗaukar wannan sinadari daga iska, idan ya mutu kuma sinadarin yakan riƙa raguwa, rabinsa na tafiya cikin shekara 5,730. Idan aka auna abin da ya saura a gawayi ko ƙashi ko ƙwayar hatsi, sai a san yaushe rai ya bar shi. Da haka aka san shekarun kwalekwalen Dufuna, domin katako ne.

Sai dai hanyar tana da raunin da masana suka daɗe da sani. Na farko, abin da take aunawa shi ne mutuwar itacen, ba ranar da aka ƙona shi ba. A ƙasa mai fari, inda busasshen itace kan daɗe a tsaye kafin a sare shi, gawayin murhu zai iya girme wa murhun da shekaru masu yawa. Na biyu, yawan kabon-14 a iska bai tsaya wuri ɗaya ba a tsawon tarihi. Tsakanin shekara ta 800 da ta 400 kafin Miladiyya akwai wani zango da awon ke bayar da amsa kusan iri ɗaya, ta yadda abin da ya mutu a farkon zangon da wanda ya mutu a ƙarshensa kan yi wuyar rarrabewa. Masana na kiran wannan zango da sunan Hallstatt, wani kufai a ƙasar Ostiriya.

Ga tarihin Nijeriya, babu zangon da ya fi wannan muhimmanci. A cikinsa aka gina Zilum. A cikinsa kuma, ko dab da shi, mutanen Nok suka fara narkar da tama, kamar yadda tanderun da Bernard Fagg ya tono a Taruga, kudu maso gabas da Abuja, a shekarun 1960 suka nuna. Tambayar da masana ke gardama a kai har yau, ko Afirka ta Yamma ta gano narkar da ƙarfe da kanta ne ko kuwa ta karɓo shi daga arewa, ta rataya ne a kan sanin wane tanderu ya riga wane. Shekara 400 ba ƙaramin giɓi ba ne a irin wannan gardama. Tazarar ta kusa kai wadda ke tsakanin zamanin Mai Idris Alooma da yau.

Yadda yumɓu ke ɗaukar rubutu

A can cikin duniya, daga zurfin kusan kilomita 2,900, akwai narkakken ƙarfe da ke motsi ba dare ba rana. Motsinsa ne ke haifar da maganaɗisun da ke juya allurar kamfas zuwa arewa. Da yake ƙarfen ba ya tsayawa, arewar da allura ke nunawa ita ma ba ta tsayawa. A Landan, a 1580, allura ta karkata gabas da arewa ta gaskiya da kusan digiri 11. Zuwa wajen 1820 ta koma yamma da kusan digiri 24. Henry Gellibrand ne ya fara bayyana wannan sauyi a rubuce a 1635. Ƙarfin maganaɗisun ma yana hawa yana sauka, kuma a cikin shekara 200 da suka wuce ya ragu da kimanin kashi tara cikin ɗari.

Yumɓu kuwa yana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin tama, waɗanda su ne ke sa shi yin ja idan an gasa. Kowace ƙwaya tamkar ƙaramar allurar kamfas ce. A ɗanyen yumɓu kowacce na fuskantar inda ta ga dama. Idan zafi ya kai wajen digiri 580 a ma'aunin Salshiyas ga wani nau'in tama, ko 680 ga wani, maganaɗisun ƙwayoyin yakan saki gaba ɗaya. Yayin da yumɓun ke hucewa sai su jeru su bi maganaɗisun duniya na wannan lokaci, su daskare a haka. Abu uku ne ke shiga rubutun: karkatar allura gabas ko yamma, sunkuyawarta ƙasa ko ɗagawarta sama, da ƙarfin jan. Arewacin Nijeriya na da wata siffa a nan, domin layin da allura ke kwanciya sambal, ba ta sunkuya ba ta ɗaga, ya ratsa ta yankin. Shi ma wannan layi yana matsawa kudu ko arewa da tafiyar zamani.

Bafaranshe Émile Thellier ne ya aza tubalin wannan ilimi tun daga shekarun 1930, kuma hanyar auna ƙarfin da shi da matarsa Odette suka wallafa a 1959 ita ce ake bi har yanzu, da 'yan gyare-gyare.

Aikin a fili yana bukatar natsuwa fiye da tsadar kaya. Mai bincike yakan share murhun ko bangon tanderun ba tare da ya motsa shi ba. Ya zaɓi wurare goma ko fiye, ya ɗora filasta a kan kowanne, ya daidaita samansa, sannan ya zana kibiyar da ke nuna arewa ta gaskiya, yawanci da taimakon inuwar rana, domin ƙonanniyar ƙasar kanta tana iya ruɗa kamfas. Sai bayan an zana kibiyar ake yanke gutsuren a ɗauke. A ɗakin gwaji akan riƙa ɗumama shi mataki-mataki ana aunawa, har a tace rubutun wutar ƙarshe daga duk wani gurɓi da ya shiga daga baya.

Daga nan ake fahimtar dalilin da ya sa wurin da abu yake ya fi abin kansa daraja. Tukunya ko jan bulo da aka ɗauke daga inda aka gasa su za su iya faɗin ƙarfin maganaɗisu kawai. Alkibla kuwa sai abin da bai motsa ba tun ranar da ya huce. Da zarar bakin katafila ya tunkuɗe murhu, ko lebura ya ɗaga shi da shebur don ya nuna wa shugabansa, alkiblar ta tafi har abada, ko da an kai yumɓun gidan tarihi an sa a gilashi.

Wannan siffa ta ƙonanniyar ƙasa ta riga ta yi wa Nijeriya aiki ta wata fuskar. Na'urar da ake ratsa fili da ita tana jin bambancin maganaɗisu ita ce ta taimaka wa Fagg gano inda tanderun Taruga suke. Ita ce kuma ta nuna wa Carlos Magnavita da abokan aikinsa gwalalon Zilum da ɗimbin ramukan da ke cikin garin ba tare da an tona ko'ina ba. Wancan aikin nemo wuri ne. Sanin shekaru mataki ne na gaba, kuma yana da sharaɗi.

Agogon da ba a saita ba

Rubutun da ke cikin yumɓu ba kwanan wata ba ne kai tsaye. Yana cewa ne kawai allura ta karkata kaza, ta sunkuya kaza, ƙarfinta kaza. Kafin a mayar da wannan shekara, dole a samu jadawalin da ke nuna yadda maganaɗisu ya riƙa sauyawa a wannan yanki ƙarni bayan ƙarni. Ana gina jadawalin ne daga ƙonannun wuraren da aka riga aka san shekarunsu ta wata hanya. Idan ya cika, sai a kawo murhun da ba a san shekarunsa ba a duba inda ya dace. A ƙasashen da jadawalinsu ya yi ƙwari, kamar Faransa da Bulgeriya da Ingila, akan iya rage shakka zuwa ƙarni guda, a wasu zamunna ma 'yan gomman shekaru.

Ba a aron jadawali daga nesa. Maganaɗisu ba ya sauyawa bai ɗaya a ko'ina, shi ya sa masana ba sa amincewa da jadawalin da ya wuce nisan kusan kilomita 1,000 daga inda ake aiki.

Misalai daga Gabas ta Tsakiya sun nuna abin da ake samu idan rubutaccen tarihi ya haɗu da ƙonanniyar ƙasa. A 2020 Yoav Vaknin da abokan aikinsa sun auna daɓen wani gini da ya ƙone lokacin da sojojin Babila suka rusa birnin Ƙudus a shekara ta 586 kafin Miladiyya. Da yake an san shekarar, awon ya zama turke a jadawali. A 2022 suka faɗaɗa aikin zuwa ƙonannun shimfiɗu 21 a kufai 17, har suka iya rarrabe wane yaƙi ne ya ci wane gari. A 2023 wasu masanan suka auna bulo 32 na ƙasar Iraƙi ta da, masu ɗauke da hatimin sarakuna 12. Da yawa daga cikin waɗannan awon sun faɗa cikin zangon nan da kabon-14 ke ɗingishi.

A kudancin Afirka, John Tarduno na Jami'ar Rochester da tawagarsa sun wallafa a 2015 awon da suka yi a kwarin kogin Limpopo, inda manoman da suka zauna tsakanin 1000 da 1600 Miladiyya kan ƙona ɗakuna da rumbuna a lokacin fari don tsarkake gari. Daɓen da suka bari ya nuna cewa raunin maganaɗisu da ake gani yau a kudancin tekun Atilantika, wanda ke damun taurarin ɗan'adam idan sun ratsa ta wurin, ya taɓa faruwa a baya. Wato ribar aikin ba ta tsaya ga masu tarihi kaɗai ba.

A Afirka ta Yamma an fara, amma da kaɗan-kaɗan. A 2013 Ritayan Mitra da Lisa Tauxe da Susan McIntosh sun wallafa awon ƙarfin maganaɗisu na shekara 2,000 daga tukwanen Senegal da Mali. Bayan nan aka auna tanderun narkar da tama na Korsimoro a Burkina Faso, sannan wasu a Kwaddibuwa. Amma daga Korsimoro zuwa Maiduguri ya haura kilomita 1,500. Yankin tafkin Chadi na bukatar jadawalin kansa.

Abin da Borno ke da shi

Kayan gina wannan jadawali suna nan. Borno na cikin wurare ƙalilan kudu da Sahara da suka haɗa abu biyu: dogon tarihin sarauta a rubuce, da al'adar gini da gasasshen bulo. Birnin Ngazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarshen ƙarni na 15, yana da kangon gine-ginen jan bulo, haka ma fadar Gambaru da ke kusa da shi. An san Ngazargamu ta faɗi a 1808. An san Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi ya kafa Kukawa a 1814, an kuma san Rabeh ya rusa ta a 1893 kafin ya zauna a Dikwa. Duk daɓen da aka tabbatar ya ƙone a ɗaya daga cikin waɗannan shekaru, duk ramin gasa bulo da aka iya danganta shi da zamanin wani Mai, turke ne. Daga waɗannan turaku na kusa sai a riƙa ja da baya, ana haɗawa da awon kabon a ƙarnukan da yake da kaifi, ta hawa-hawan tuddai irin na Daima, har a isa zamanin Zilum da Gajiganna.

Abin da ya tsaya a gaba sananne ne. Tun 2009 rikici ya hana aikin fili a mafi yawan waɗannan wurare. Yanzu da ake sake gina garuruwa da hanyoyi da gidajen waɗanda suka rasa matsuguni, ƙasar da ta shekara dubbai a kwance ana juya ta cikin mako guda. A cikin Maiduguri kanta, mazaɓu irin Maisandari na ta faɗaɗa, ana haƙa harsashi da magudanai da ramukan ɗiban yashi a kan tudun da mutanen bakin tsohon tafki suka taka. Ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar Alau a Satumbar 2024 ta ƙara yawan aikin haƙa da gyara. Babu mai hankalin da zai ce a dakatar da gina gida ga wanda ya shekara goma a sansani saboda wani tsohon murhu. Ba a ma bukatar hakan, domin ɗaukar samfuri daga murhu ɗaya aikin yini guda ne ga wanda ya iya.

Daga tebur a Abuja

A nan ne maganar ta iso ga ma'aikacin tarayya. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda doka ta kafa a 1979, ita ke da ikon ba da izinin tono kufai, kuma tana da gidan tarihi a Maiduguri. Dokar tantance tasirin manyan ayyuka ga muhalli tana nan tun 1992. Hukumar Raya Arewa Maso Gabas, wadda aka kafa a 2017, tana ba da kwangilolin gine-gine a faɗin yankin. Tsakanin waɗannan ofisoshi akwai takardun da ma'aikata da mataimakan manya ke tsarawa kullum: sharuɗɗan kwangila, rahoton muhalli, takardar kasafi.

Sakin layi ɗaya a cikin sharuɗɗan kwangila zai iya cewa idan masu haƙa suka tarar da jar ƙasa mai tauri kamar bulo, ko da'irar ƙonannen yumɓu, ko tarin kashin maƙera da tsingaro, su kewaye wurin, kada su ɗaga komai, su sanar da gidan tarihi mafi kusa, aiki kuma ya ci gaba a sauran filin. Horar da 'yan ma'aikatan gidan tarihi da ɗaliban jami'a su iya zana kibiya da yanke samfuri ba ya bukatar ɗakin gwaji. Samfurin da aka ɗauka daidai zai iya jira a akwati shekaru har a samu inda za a auna shi, a gida ko a waje, domin rubutun ba ya gogewa sai da wuta. Wanda aka ɗauka ba daidai ba kuwa, ko na'urar da ta fi kowace tsada ba za ta maido masa da alkiblarsa ba.

Magina tukwane sun ce tun ran gini tun ran zane. Kwalekwalen Dufuna ya tsira ne saboda mai haƙa rijiyar ya dakata, ya kai labari, aka bar katakon a raminsa har masu sani suka zo. Katako yana iya jure a ɗaga shi daga baya, kabonsa na tare da shi duk inda aka kai shi. Murhu ba ya jure wannan. Ranar da shebur ya fara taɓa shi ita ce ranar da ake yanke hukuncin ko za a san shekarunsa, kuma mai riƙe da shebur ɗin zai bi abin da aka rubuta masa a takardar kwangila ne.